Inda Ake Sayar Da Bazara A Tsakiyar Hunturu

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani wuri da muka gani da idonmu a ƙasar Amurka, wanda da a ce wani ne ya zo zaure ya ba mu labarinsa, da mun ce ya cika gishiri. Mu biyu ne muka yi tafiyar, tsoho da tsohuwarsa, daga nan Kumasi zuwa birnin Shikago, wurin ɗanmu na fari, wanda kun san al'ada ba ta bar mu mu kama sunansa ba. Shekararsa goma sha shida ke nan a can, ya yi aure, ya sami 'ya'ya biyu, mace mai shekara 11 da namiji mai shekara 7, waɗanda ba mu taɓa ganinsu ba sai ta cikin waya.

Mun sauka a ƙarshen Disamba na 2023. To, jama'a, wannan sanyi namu na hunturu, mai tsaga leɓe ya sa a nemi man kaɗanya, ashe ɗan wasa ne. Can idan ka leƙa waje sai ka ji kamar ana tsira maka allura a kunne. Rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi. Gidan da suke ciki a hawa na uku yake, tagogi a rufe ruf, babu tsakar gida, babu ƙofar gida inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya amsa gaisuwar masu wucewa. Yaron namu aikin dare yake yi, matarsa aikin rana, idan wannan ya shigo wannan ya fita. Jikoki su dawo daga makaranta su ce mana "ina wuni", mu ce "lafiya lau", shi ke nan Hausarsu ta ƙare, sai kowa ya shige ɗakinsa da wayarsa. Tsoho ya kira yarinyar "amaryata" irin na wasan jika da kaka, sai ta waiwaya ta dubi uwarta tana neman fassara. Haka muka yi mako biyu da 'yan kwanaki. Wata rana da dare tsohuwa ta ce, "Malam, mun ƙetare teku mun zo mu ga jikoki, ga shi muna gida ɗaya da su, amma har yanzu kamar ta waya muke ganinsu." Ba mu faɗa wa kowa ba, amma mun fara ƙirga kwanakin komawa.

Ana nan, sai ga hutun kwana uku ya zo, domin Litinin ta uku a watan Janairu ranar hutu ce a Amurka, ta tunawa da Martin Luther King. Yaron ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, Mma, ku shirya, gobe za mu tafi wanka." Tsohuwa ta ce, "Wanka kuma? Ruwan gidan nan ya ɗauke ne?" Ya yi dariya ya ce wurin iyo za a kai yara, a jihar Wiskonsin, kuma can za mu kwana biyu. Muka leƙa taga muka ga dusar ƙanƙara ta binne motoci har rabin taya, muka dubi juna. Tsohuwa ba ta sake cewa uffan ba, amma fuskarta ta canja, kuma shi kansa ya san dalili. Za mu zo kan wannan a gaba.

Tafiyar awa uku ce da wani abu a mota, arewa maso yamma da Shikago. Gonaki fari fat dama da hagu, itatuwa tsirara ba ganye. Mun wuce tafki da ya daskare har mutane sun hau kansa, sun huda rami suna zaune suna kamun kifi. Ma'aunin cikin mota ya nuna digiri 18 ƙasa da sifiri. A cikin wannan hali ne muka isa garin da ake kira Wiskonsin Dels.

Garin ƙarami ne, mazaunansa kusan 3,000 ne kawai, amma miliyoyin baƙi ke zuwa shi da maƙwabcinsa Lake Delton kowace shekara. Asalin yankin na mutanen Ho-Chunk ne, 'yan asalin ƙasar. Abin da ya fara jawo baƙi shi ne Kogin Wiskonsin, wanda ya ratsa tsakanin duwatsu ya sassaƙe su siffa-siffa. Wani mai ɗaukar hoto, H. H. Bennett, shi ya yaɗa sunan wurin a ƙarni na 19, musamman da hoton da ya ɗauka a 1886 na ɗansa yana tsalle daga wani dutse zuwa wani. Daga nan mutanen birane suka dinga zuwa shan iska cikin jirgin ruwa. A 1979 aka buɗe Noah's Ark, filin wasan ruwa na waje, wasu suka biyo baya. Sai dai duk wannan kasuwa ta wata uku ce kacal, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Da sanyi ya kawo kai, sai a zubar da ruwa, a rufe otal-otal, a sallami ma'aikata, gari ya yi tsit sai baɗi. Duk wanda ya taɓa yin sana'ar da ke da lokacinta, kamar mai sayar da rake ko mai gasa masara, ya san irin wannan zama.

A 1994 wani mai otal, Stan Anderson, ya yi wa filin wasan ruwa rufi a otal ɗinsa mai suna Polynesian, ya sa ɗumi a ciki. Nan da nan ɗakunansa suka cika a watannin da a da ba kowa. Ganin haka sai maƙwabta suka ɗauka. A 1997 aka buɗe wanda a yau ake kira Great Wolf Lodge, wanda yanzu yake da rassa a jihohi da dama. A 2000 aka buɗe Kalahari, wanda aka ƙawata da gumakan giwaye da zakuna da ganguna, wai kamannin Afirka. Da muka wuce ta gabansa tsoho ya yi ta dariya, ya ce a duk sunayen duniya ba su sami wanda za su sa wa gidan ruwa ba sai na hamada. Ba Amurka kaɗai ke da irin wannan ba. A birnin Edmonton na Kanada akwai babban filin wasan ruwa a cikin wata kasuwa mai rufi tun 1986, da otal a jikinta. A Jamus kuma, kudu da birnin Balin, an mai da wata makekiyar rumfa da aka gina don ƙera jirgin balan-balan ta zama wurin wanka da kwana mai suna Tropical Islands a 2004, tsawonta mita 360, bisanta mita 107. Dabarar dai ɗaya ce: inda sanyi ya kulle mutane a ɗaki wata biyar, duk wanda ya iya sayar musu da ɗumi ya sami kasuwa.

Otal ɗin da muka sauka ba sai mun faɗi sunansa ba, ire-irensa suna da yawa a garin. An ɗaura wa kowannenmu awarwaron roba a hannu, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma takardar shiga wurin ruwa. Muka bi wani dogon lungu, muna sanye da riguna uku-uku da safa da hular sanyi, yara suna wuce mu a guje ba takalmi, da tawul a wuya. Da aka tura wata ƙofar gilashi, sai wani zafi mai laima ya buge mu a fuska, irin na Kumasi a watan Maris idan hadari ya haɗu bai zuba ba. Gilashin idon tsoho ya yi hazo nan take. Da ya goge ya mayar, sai ga wata rumfa da ta kusa filin ƙwallo girma, cike da ihun yara da ƙarar ruwa. Ana riƙe iskar wurin a wajen digiri 29 dare da rana. Ta jikin bangon gilashi kuwa kana hango dusar ƙanƙara tana sauka a kan motoci. Tsakanin mutumin da ke wanka da ɗan kamfai da sanyin da zai iya kashe shi, kaurin gilashi ne kawai.

Abin da ke ciki kala-kala ne. Akwai babban tafki da inji ke tayar wa igiyar ruwa kamar ta bakin teku a Ankara, ta yi minti kaɗan ta lafa, a busa ƙaho ta sake tashi. Akwai manyan bututu masu launi da ake hawa bene a shiga a sulalo, wasu ma sukan ɓulla ta wajen ginin su zagaya cikin sanyi su komo ciki. Kafin yaro ya hau sai an gwada tsayinsa a jikin sanda, in bai kai ba ko ubansa gwamna ne ba zai hau ba. Akwai wani ƙaton bokiti a sama da ke cika a hankali, idan ya cika a kaɗa ƙararrawa ya kife a kan duk wanda ke ƙasa. Akwai kuma wani rafi da aka gina ya zagaye wurin, ruwansa iya ƙugu, yana tafiya sannu sannu, mutum ya kwanta a kan zoben roba da aka hura wa iska, kamar na cikin tayar mota, ruwa ya yi ta yawo da shi.

Mu da muka san darajar jarka ɗaya ta ruwa ranar da famfo ya ƙi zuwa, tambayar farko da ta zo mana ita ce: duk wannan ruwa ina yake zuwa? Yaron ya yi mana bayani cewa ba zubar da shi ake yi ba. Ruwan guda ne yake zagayawa. Injuna na zuƙe shi su bi da shi ta cikin matata, a sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, a ɗumama shi, a maido. Abin da ake ƙarawa shi ne wanda ya bi iska ko ya fantsama ko aka wanke matata da shi. Babban abin da ke cin kuɗi shi ne wuta da gas, domin dole a yi ta fitar da iskar ciki mai laima da warin magani, a shigo da ta waje mai tsananin sanyi a ɗumama ta. Ranar da injunan nan suka tsaya, bazarar ta ƙare.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu masu ceto ne. Samari da 'yan mata ne cikin jajayen kaya, kowane da usur a baki da doguwar roba a hammata, an jera su ko'ina. Ba sa hira, ba sa duba waya, kansu na kaiwa da komowa kamar na ƙadangare, suna duba yankin da aka ba su har ƙasan ruwa. Bayan ɗan lokaci a canja su, don kada ido ya gaji. Rigunan ceto na yara kuma ga su nan rataye, kyauta, kowa ya ɗauka.

To yanzu bari mu koma kan tsohuwa. A Yeji aka haife ta, a bakin Volta, mahaifinta fatauci yake yi. Tana da shekara goma sha biyu, 'yan shekaru bayan an gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya malale ya zama tafki, aka aike ta wanki da ƙanenta mai shekara shida. Ta juya ta shanya zane, ta waiwayo ba ta gan shi ba. Ba ihu, ba komai. Sai washegari masunta suka fito da shi. Tun daga ranar ba ta sake sa ƙafa a ruwan da ya wuce idon sawu ba, kuma 'ya'yanmu shida babu wanda ta bari ya je rafi. Idan makaranta ta shirya zuwa tafkin Bosomtwe, namu suna gida. Idan ruwan sama ya cika rafin Aboabo, kulle ƙofa take yi ta zauna a bakinta. Dukansu sun girma ba wanda ya iya iyo, har da uban waɗannan yara.

Saboda haka da muka shiga, kujera ta samu can nesa da ruwa ta zauna da mayafinta, ta ƙanƙame jaka. Da ta ga jikanyarta ta yi tsalle ta faɗa wuri mai zurfi ta nutse, sai ta miƙe tsaye da salati, jaka ta faɗi. Kafin ta kai bakin ruwa yarinya ta ɓullo can gefe guda tana dariya, tana ɗaga mata hannu. Surukarmu ta matso ta ce a hankali, "Mma, ku kwantar da hankalinku, tun tana shekara huɗu muka sa ta makarantar koyon iyo. Babansu ne ya nace." Tsohuwa ta dubi ɗanta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mma, saboda labarin Kawu ne. Na ce nawa ba za su tashi kamar ni ba." Ba ta amsa ba. Ta koma ta zauna, ta daɗe tana kallon masu ceton nan.

Da dare a ɗaki muka buɗe kulolin da surukarmu ta yo guzuri, shinkafa da wake da yaji da soyayyen kifi, domin abincin wurin ga tsada, ga shi sai an yi ta tambaya ko da naman alade a ciki. Yara sun gaji sun yi laushi, ba wanda ya nemi waya. Yarinyar ta tambayi ubanta da Turanci me ya sa Kaka ta tsorata. Ya ce ta tambaye ta da kanta. Nan tsohuwa ta ba da labarin Yeji daga farko har ƙarshe, uban yana fassarawa, abin da mu kanmu ba mu taɓa jin ta faɗa da bakinta haka ba cikin shekara arba'in da ɗoriya na aure. Da ta gama, yarinyar ta tashi ta zauna a jikinta. Ta tambayi yadda ake cewa kaza da Hausa, uban ya raɗa mata, sai ta ce, "Kaka, gobe zo. Ni riƙe ki."

Washegari surukarmu ta fito da irin kayan wankan da take sawa, doguwar riga da wando da hula masu rufe jiki duka, na yadin da ba ya shan ruwa. Mun ga mata da dama da irinsu a wurin, ba wanda ya kalle su sau biyu. Aka sa wa tsohuwa rigar ceto a kai. A matakalar rafin nan mai tafiya sannu ta tsaya kusan minti goma, ƙafa ɗaya a ruwa ɗaya a tudu. Jika na gaba tana riƙe da hannayenta biyu, tana cewa "zo, zo", ita ce kalmar da ta fi iyawa. Wata mai ceto ta matso kusa ta tsaya ba ta ce komai ba. Daga ƙarshe ta shiga. Ruwa ya kai mata ƙugu, ta rungume zoben roba, ta rufe ido gam, ruwa ya ɗauke su su biyu suka sha kwana muka daina ganinsu. Tsoho kam ya yi ta zarya a bakin matakala. Da suka zagayo idonta a buɗe yake, tana nuna wa yarinya abubuwa tana faɗa mata sunansu: ruwa, gada, bokiti. Sau huɗu suka zagaya. Shi ma tsoho bai tsira ba, domin ɗan ƙaramin ya ja shi ƙarƙashin bokiti ana gab da kaɗa ƙararrawa, ya jiƙe sharkaf, yaro na tsalle yana cewa ya kayar da abokin gabarsa zai ƙwace masa mata.

Kada mu ɓoye muku, wurin nan ba aljanna ba ce. Kuɗin ɗaki na kwana biyu a lokacin hutu ya kai abin da iyali a zango za su ci wata da watanni, kuma mun san yaron namu sai da ya yi ƙarin aikin dare kafin ya haɗa shi. An tsara ginin yadda ba za ka isa ɗakinka ba sai ka ratsa ta kantin alewa da na wasannin inji, don a tatse aljihun iyaye. Hayaniya ba ta yankewa, warin kulorin na sa ido ja. Yawancin masu share ɗakuna da wanke tawul baƙi ne daga wasu ƙasashe, kamar ɗanmu, kuma ba lalle ne su iya kawo nasu 'ya'yan ba. Amma mun fahimci abin da ke kai mutane. A ƙasar da sanyi ya hana tsakar gida da dandali, iyali ba su da inda za su zauna tare a sake, yara na wasa manya na kallo, sai sun biya. Wannan abu da muke da shi a zango kowace yamma ba ko sisi, har mukan yi ƙorafin hayaniyarsa, shi ne muka rasa mako biyu a Shikago, kuma a rumfar nan muka same shi.

Abin da muka dawo da shi kuma yana da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba. Ba mu buƙatar hukuma ta faɗa mana, kowane zango na da gidan da aka yi irin wannan zaman makoki. Maganin da muka sani shi ne tsawa da bulala da "kada in ji ka je rafi". Amma yaro sai ya je, a ɓoye, ba babba a kusa, kuma bai iya komai ba. Ba mu ce a gina mana rumfar ruwa mai injin ɗumi ba, rana ta ishe mu. Abin da muke roƙo, shugabannin unguwa da ƙungiyoyin matasa da makarantunmu su duba yadda za a yi magana da masu wuraren iyo da ke cikin gari, a kai yara rukuni-rukuni, maza daban mata daban, wanda ya iya ya koya musu, babba na tsaye yana kallo. Masu shiga kwalekwale a tafkin Volta kuma su daina jin kunyar neman rigar ceto.

Mun dawo gida a watan Fabrairu. Yanzu duk Lahadi waya na ƙara, yarinyar ce ke neman kakarta, Hausa rabi Turanci rabi, tsoho kuwa in ya ce "amaryata" sai ta ce sai ya biya sadaki. Jikokinmu uku na nan Kumasi sun fara koyon iyo ranar Asabar, tsohuwa ce ke raka su, ta zauna a bakin ruwa da jakarta, idonta a kansu har a tashi.

Allah ya tsare mana zuriya, na gida da na waje. Sai mun sake saduwa.